KALMAR "SARKI": SUNA ƊAYA, SARAUTA IRI-IRI

Ranka ya daɗe hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, da 'yan'uwana manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, sannunku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan kalma ɗaya ce tak. Kalmar ita ce "sarki". Babu wanda bai san ta ba a cikinmu. Amma in muka zauna muka ƙidaya, za mu ga mutanen da muke kira da wannan suna suna da yawa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai Sarkin Kano. Akwai Sarkin Fawa. Akwai kuma wanda abokansa suke kira sarkin barci.

Wani zai ce, to mene ne amfanin wannan bincike? Amfaninsa babba ne. Kowane sarki yana da iyakar sarautarsa, kamar yadda kowace gona take da iyaka. Wanda bai san iyakar nan ba yakan kai kukansa inda ba a maganinsa. Ya yi ta zirga-zirga, ya ƙarar da kuɗinsa a mota, wani lokaci har ya rasa gonarsa. Saboda haka ku ba ni aron hankalinku.

Dangin kalmar

In mutum ɗaya ne, sai mu ce sarki. In suna da yawa, sai mu ce sarakuna ko sarakai. In mace ce, sarauniya. Muƙamin kansa shi ne sarauta. Ƙasar da sarki yake riƙe da ita, ita ce masarauta. Duk mai riƙe da sarauta, babba ko ƙarami, ana ce masa basarake.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A labarin da muka gada daga kakanni, an ce akwai wata macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura, sunanta Sarki. Ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajida ya zo ya kashe ta, aka riƙa kiransa Makas-Sarki. Ya auri Sarauniya Daurama, suka haifi Bawo. Rijiyar tana nan a Daura har yau, mutane suna zuwa ganinta. Wannan labarin baka ne, amma yana nuna mana abu biyu. Na farko, kalmar ta daɗe a bakin Hausawa. Na biyu, mata ma sun yi sarauta. Kun kuma san labarin Sarauniya Amina ta Zazzau.

Sarkin ƙasa

Ma'ana ta farko ita ce wadda kowa ya fi sani, watau mai mulkin ƙasa da mutanen da ke cikinta. Littafin Tarihin Kano ya nuna Bagauda ne sarkin Kano na farko, a wajen shekara ta 999. Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina gidan sarautar Kano da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. A zamaninsa babban malamin nan Almagili ya zo Kano, ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a da adalci.

A shekara ta 1804 jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka yi masa mubaya'a a Gudu, suka kira shi Amirul Muminina. Da Hausa sai aka ce Sarkin Musulmi. Waɗanda aka ba tuta suka kafa mulki a garuruwa, da Larabci ana ce wa kowannensu amir. Amma talakawa ba su bar kalmarsu ba. Suka ci gaba da cewa Sarkin Kano, Sarkin Katsina, Sarkin Zazzau, Sarkin Bauchi. Maƙwabtanmu kuwa suna da nasu sunaye. A Borno Shehu ake cewa, a Adamawa Lamiɗo, a ƙasar Nupe Etsu. Duk Bahaushe zai iya tara su ya ce sarakuna.

Babban sarki irin wannan shi ake kira sarkin yanka, domin a da yana da ikon yanke hukuncin kisa. A ƙarƙashinsa akwai hakimi, wanda a ƙasar Sakkwato ake kira uban ƙasa. Ƙarƙashin hakimi akwai dagaci, ƙarƙashin dagaci akwai mai unguwa. Wannan shi ne tsanin sarauta. Wanda zai hau tsani daga ƙasa yake farawa.

Har sarakunan ƙasashen waje da wannan kalma muke kiransu. Muna cewa Sarkin Saudiyya da Sarkin Maroko. Da Sarauniyar Ingila ta rasu a 2022, ɗanta ya gaje ta, muka ce an yi sabon Sarkin Ingila.

Sarkin wani gari a wani gari

Ga wani abin da ke rikita mutane. Sarkin Argungu ana kiransa Sarkin Kabi. Na Suleja ana kiransa Sarkin Zazzau. A Maraɗi ta ƙasar Nijar akwai Sarkin Katsina, a Tsibiri kusa da ita akwai Sarkin Gobir. Me ya kawo haka?

Dalili shi ne, a lokacin jihadi wasu tsofaffin gidajen sarauta sun bar biranensu, suka koma wasu wurare da jama'arsu. Sun bar gari, amma sun tafi da suna. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya nufi kudu wajen Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon babban birnin tarayya, sai aka mai da sunan tsohon garin Suleja. Shi ya sa in ka ji an ce Sarkin Zazzau, yana da kyau ka tambaya, na Zariya ko na Suleja? Haka nan a jihar Zamfara akwai Sarkin Katsinan Gusau da Sarkin Zamfaran Anka. A Kwantagora kuwa Sarkin Sudan ake cewa.

Sarakunan fada

Ma'ana ta biyu ita ce ta mutanen da sarki da kansa ya naɗa. Sunan sarautarsu yana farawa da "sarki", amma su bayin sarki ne masu yi masa aiki. Akwai Sarkin Fada, da Sarkin Yaƙi, da Sarkin Dogarai, da Sarkin Shanu. A Kano, a bisa al'ada, mutum huɗu ne masu zaɓen sarki: Madaki, da Makama, da Sarkin Bai, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Kun ga biyu daga cikinsu suna amsa sunan sarki, amma hakimai ne. In sun zo gaban Sarkin Kano faɗuwa suke yi su yi gaisuwa.

A nan akwai abin lura. Wata sarautar tana tafe da ƙasa, watau an ba mutum gunduma ya riƙe. Wata kuwa ta girmamawa ce kawai. Sarki yakan ga wani attajiri ko ma'aikaci ko ɗan siyasa ya yi wa jama'a hidima, sai ya naɗa masa rawani. Wannan mutum ya cancanci girmamawa. Amma ba shi da gunduma, ba shi da dagaci ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Ba shi da ta cewa a kan gonarka ko gidanka.

Sarakunan sana'a

Ma'ana ta uku ita ce ta fi kusa da mu mutanen karkara. Kusan kowace sana'a ta Bahaushe tana da sarkinta. Mahauta suna da Sarkin Fawa. Maƙera suna da Sarkin Maƙera. Wanzamai suna da Sarkin Aska. Maharba suna da Sarkin Baka. Masunta suna da Sarkin Ruwa. Akwai Sarkin Magina, da Sarkin Dillalai, da Sarkin Kasuwa, da Sarkin Kiɗa. Da mota ta zo, aka sami Sarkin Tasha. Makafi ma suna da Sarkin Makafi, wanda yake sasanta su, yake kuma magana da yawunsu a fada.

Irin wannan sarauta gwaninta ce take jawo ta, ko gado tare da gwaninta. Ku ɗauki Sarkin Noma. A ƙasar Maraɗi, a al'adar da, sai manomi ya tara dami dubu, ya yi bikin dubu, ya ciyar da jama'a, sannan a kira shi Sarkin Noma. Watau ba da baki ake samunta ba, da fartanya ake samunta. A Argungu kuwa, inda aka fara babban bikin kamun kifi a 1934, Sarkin Ruwa ne mai kula da al'adun kogin Matan Fada kafin masunta su faɗa ruwa.

Aikin sarkin sana'a shi ne ya tsare mutuncin sana'ar. Sarkin Fawa shi zai hana a yanka dabba marar lafiya ko ta sata. Sarkin Dillalai shi zai san dillalin da ya sayar da saniya, in daga baya mai ita ya bayyana. Sarkin Kasuwa shi zai raba gardamar rumfa. Amma ikon kowannensu ya tsaya a kan 'yan sana'arsa. Sarkin Fawa ba ya raba gado. Sarkin Tasha ba ya yanka iyakar gona.

Sarkin baƙi

Ma'ana ta huɗu ta bi Hausawa zuwa fatauci. Duk inda suka sauka da yawa, sukan zaɓi shugaba. A Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana akwai Sarkin Zango. A unguwar Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko akwai Sarkin Hausawa. Shi ke karɓar baƙo, ya nema masa masauki, ya tsaya masa in wata magana ta taso. Amma shi ma baƙo ne a ƙasar wasu. Yana ƙarƙashin sarkin garin da dokar ƙasar. Haka nan a garuruwanmu muna da Sarkin Fulani ko Arɗo, mai magana da yawun makiyaya.

Kalmar a bakin jama'a

Ban da waɗannan duka, muna amfani da kalmar don mu nuna wanda ya fi kowa a wani hali. Zaki shi ne sarkin dawa. Mai yawan magana sarkin surutu ne. Akwai sarkin yawo, da sarkin tsoro, da sarkin ƙarya. Waɗannan ba wanda ya naɗa musu rawani, halinsu ne ya naɗa su. Yaron da aka sa wa sunan sarkin gari, akan saya sunan don kunya, a riƙa ce masa Sarki. Ya girma da shi, ko da bai taɓa shiga fada ba.

In kuma tausayi ya kama mu, mukan ce "Allah Sarki!" Kakanninmu sun bar mana wannan a baki don mu riƙa tunawa cewa akwai Sarkin sarakuna, wanda ba a naɗa shi ba, ba a kuma tuɓe shi.

Ikon sarki jiya da yau

Yanzu mun zo kan gundarin magana. Hausawa sun ce sarki goma, zamani goma. Kalmar ba ta sake ba, amma ikon da ke cikinta ya sake.

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba su rushe sarauta ba, sai suka yi mulki ta hannun sarakuna. Wannan shi ne zamanin En'e, wanda dattawan da ke nan suka gani da idonsu. A lokacin sarki yana da kotunsa, da alƙalansa, da 'yan doka, da gidan yari, da baitulmali. Dagaci shi ke tara haraji, ya kai wa hakimi. Makiyayi yana biyan jangali a kan kowace saniya.

Daga 1967, lokacin da aka fara ƙirƙiro jihohi, sai abubuwa suka soma sakewa. A cikin 'yan shekaru gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi irin na yanzu, waɗanda daga baya yawansu ya kai 774. A 1978 aka yi dokar filaye, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana don jama'a. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce dokar ta ba ikon ba da izinin riƙon gona da wurin kiwo. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Tsarin mulkin da aka fara aiki da shi a 1999 ya lissafa aikin gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma, amma bai ware wa sarakuna aikin hukunci ba.

Gwamna ne ke ba sarki sanda. Gwamnati kuma takan sauke sarki. A 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus bayan gwamnatin Jihar Arewa ta sa an binciki En'en Kano. A 1996 gwamnatin soja ta sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki.

Kada wani ya ji wannan ya ce sarauta ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Abin da ya rage a hannun sarakuna abu ne da ofis ba ya iya saye, watau sanin jama'a da yardarsu. Mai unguwa ya san kowane gida. Dagaci ya san iyakar gonar kakanka. Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin watan azumi da na salla. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti don taimaka wa aikin rigakafi. Hakimai da dagatai suka shiga gida-gida tare da ma'aikatan lafiya. A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna, ko da yake ba a daina rigakafi ba. Ba domin sarakuna ba, da ƙofofi da yawa ba su buɗe ba.

Wace magana ce ta wa?

To, ga yadda za mu yi amfani da wannan sani.

Na ɗaya, shanu sun shiga gona. Kada ka ɗauki sanda ko adda. Ka sanar da mai unguwa. A kira Sarkin Noma da Arɗo, su je su ga ɓarna da idonsu, su ƙiyasta, a biya. Wannan aikinsu ne, kuma sun fi kowa iya shi. Amma in an ji wa wani rauni ko an rasa rai, maganar ta wuce su. Ta zama ta 'yan sanda da kotu.

Na biyu, za ka sayi gona ko fili. Ka kira mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gonar, a zagaya iyaka a gabansu. A rubuta takarda da sunan mai sayarwa, da naka, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata, da sunayen shaidu. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai ka karanta, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka. Sa'an nan kada ka tsaya nan. Dokar 1978 ta ce sai da yardar ƙaramar hukuma ake mai da haƙƙin gonar karkara hannun wani. Ka je ofishin filaye na ƙaramar hukumarku. Mutane da yawa sun ce "ai a gaban sarki aka yi". Bayan shekara ashirin shaidu sun rasu, magada sun taso, babu takarda.

Na uku, rabon gado da rikicin aure da bashi. Dattawa da masu sarauta suna iya yin sulhu, kuma sulhu alheri ne. In an yarda, a rubuta abin da aka yarda da shi. In sulhu ya ƙi, alƙali ne mai yanke hukunci. Dagaci zai iya zuwa kotu ya ba da shaida, amma ba shi zai yanke ba. Wannan ya shafe ku ƙwarai, iyayena mata. Macen da aka hana ta gadonta tana da ikon zuwa kotu da ƙafarta, ko ta wakilta wani.

Na huɗu, maganar kuɗi. Wani zai zo ya ce, "Sarki ya ce kowane gida ya kawo kaza." Ka yi tambaya cikin ladabi. Wane sarki? Kuɗin mene ne? Ina rasit? Gaisuwar da mutum yake kai wa basarake kyauta ce ta son rai. Gudummawar gyaran rijiya ko makaranta, a taron gari ake yanke ta, kowa ya ji. Kuɗin ƙungiyar sana'a na 'yan ƙungiyar ne. Kuɗin da doka ta sa kuwa na hukuma ne, kuma da rasit ake karɓarsa. Sau da yawa sarkin da aka ambata bai ma san an yi ba. Wanda ya yi tambaya ya tsare aljihunsa, ya kuma tsare sunan sarki.

Na biyar, takardar shaidar asali, wadda yaranmu suke bukata wajen neman makaranta ko aiki. Akan fara daga mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi. Su ne masu shaida cewa yaron ɗan gari ne. Ƙaramar hukuma ce mai ba da takardar. A nan tsanin nan biyu suke haɗuwa, na sarauta da na gwamnati.

Na shida, baƙo ya sauka a gidanka zai daɗe. Ka kai shi wurin mai unguwa a san da shi. Tsohuwar al'ada ce, kuma a wannan zamani na rashin tsaro amfaninta ya ƙaru.

Kalma ta ƙarshe

Ranka ya daɗe, ina neman izini in yi magana ɗaya ga masu rawani, manya da ƙanana. Duk wanda aka kira sarki, an ɗora masa amana ne. Sarkin Fawa amanar abin da muke ci ce a wuyansa. Sarkin Noma da Arɗo amanar zaman lafiyar gona da garke. Dagaci amanar iyakoki da marayu. Basaraken da ya ce wa talaka, "Wannan magana ta fi ƙarfina, tafi kotu," bai rage girmansa ba. Ya nuna ya san aikinsa.

Mu kuma talakawa, mu ba kowane sarki girmansa, mu kai masa maganar da take tasa. Mu riƙa halartar taron gari, mu riƙa tambaya, mu riƙa ajiye takardunmu inda gara da ruwa ba za su taɓa su ba. In jama'a suka san haƙƙinsu suka haɗa kai, mai son cin zali da sunan sarauta ba zai sami ƙofa ba. Ai kun san abin da Hausawa suka ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wanda ya ji wannan ya kai wa wanda bai zo ba. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ba su ikon yin adalci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.